Ciwon da Ya Zauna a Jiki: Me Za a Sha In Ba Tiramol Ba?

 

A watan Janairun 1980, mujallar likitoci ta New England da ke Amurka ta buga wata 'yar wasiƙa mai jimla biyar kacal. Masu bincike biyu na birnin Boston, Jane Porter da Hershel Jick, suka ce sun duba bayanan marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe ciwo dangin ofiyom a gadon asibiti, mutum huɗu kawai suka ga jarabar maganin ta kama. Wasiƙar ba ta yi ƙarya ba. Magana take yi kan waɗanda ke kwance, malaman jinya na ƙirga musu ƙwaya, a sallame su bayan 'yan kwanaki. Ba ta ce uffan kan mai ciwon baya da zai tafi gida da kwalba guda ya shekara yana sha ba. Duk da haka aka yi ta kafa hujja da ita, fiye da sau 600 a rubuce-rubucen masana, wai an tabbatar magungunan ba su cika kama mutum ba.

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wakilansa suka bi likitoci ofis-ofis suna cewa haɗarin kamuwa da jarabarsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar jama'a a gaban kotu, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, amma ɓarna ta riga ta yi nisa. Waɗanda ƙwayar likita ta kama suka koma hodar heroyin, daga nan sai fentanil na bayan fage. A 2022 kaɗai, Amurkawa fiye da 80,000 ne suka mutu sanadin dangin ofiyom.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ta ofishin likita ba. Tata matsalar ta shigo ta tashar jiragen ruwa da kasuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan dangin ofiyom na kemis ba bisa umarnin likita ba, akasarinsu tiramol. Kafin nan, a watan Mayun 2018, gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan rahoton BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Yawan tiramol a wannan yanki ya kai inda ya ruɗi masana kansu. A 2013 wasu masu bincike daga Faransa suka ba da sanarwar sun gano tiramadol, wato tiramol, a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, suka ɗauka itacen ne ke samar da shi. Shekara guda bayan haka wata tawaga daga Jamus ta nuna cewa manoma ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗarsu don su jure aiki, maganin ya bi fitsari da kashin dabbobin ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta zuƙe shi.

Ba kowane mai shan tiramol ne ɗan shaye-shaye ba, kuma wannan ne ya sa maganar ta shafi kowane gida. Akwai lebura mai ciwon ƙugu, akwai direban babbar mota, akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa da jikanta ya sayo mata, akwai mai sikila. Ciwo ne ya kai su, ciwo na gaskiya. Ce musu su daina kawai, ba tare da an nuna musu abin da za su koma wa ba, zalunci ne.

Likitoci na kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku. Bambancinsa da sabon ciwo ya fi ƙarfin tsawon lokaci. Wanda ya karye ko aka yi wa tiyata, zafin da yake ji saƙo ne daga rauni, rauni na warkewa zafi na tafiya, kuma a irin wannan hali mofin da danginsa na aiki ƙwarai. A daɗaɗɗen ciwo kuwa, sau da yawa jijiyoyin da ke kai saƙon da laka da ƙwaƙwalwa su ne suka canza, suka zama kamar mai gadin da ke ta busa usur alhali ɓarawo ya daɗe da tsallake katanga. Dangin ofiyom na dusashe ƙarar na ɗan lokaci, sai jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Wasu ma maganin da kansa ke ƙara musu jin zafi bayan an daɗe ana sha. Ga bushewar ciki, ga raguwar sha'awa, ga faɗuwa ga tsofaffi, ga tsayawar numfashi cikin barci. Tiramol na da ƙarin tasa illar: idan aka zarce ƙima yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma na kan titi mai miligiram 200 ko 225 ya ninka wanda doka ta amince da shi, mai 50 ko 100.

An daɗe ba a yi gwajin da ya kai shekara ba don a ga ko dangin ofiyom sun fi sauran magunguna a daɗaɗɗen ciwo. Dakta Erin Krebs ce ta yi shi a asibitocin tsofaffin sojoji na Minneapolis, aka buga sakamakon a 2018. Mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko ciwon gwiwa da ƙugu aka raba gida biyu. Rabi aka ɗora su kan dangin ofiyom. Ɗaya rabin aka fara musu da farasitamol da dangin ibufurofen, in bai yi ba a ƙara magungunan jijiya da na shafawa, kaɗan daga cikinsu ne suka kai matakin ƙarshe inda aka yarda a ba da tiramadol. Bayan wata 12, wajen iya tafiya da aiki da barci babu wanda ya fi wani. Wajen zafin ciwon kansa, waɗanda ba a ɗora kan ofiyom ba sun ɗan fi samun sauƙi, kuma illolin magani sun fi yawa ga masu ofiyom. Wannan sakamako ya rusa tunanin da mutane da yawa ke shiga kemis da shi, wato a ba su "mai ƙarfi". Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce wane irin ciwo ne, domin kowane iri da abin da yake ji.

A fara da ciwon gaɓoɓi da tsoka, irin wanda ake kira sanyin ƙashi, mai tashi idan an motsa ya lafa idan an huta. Farasitamol shi ne kowa ya sani, kuma ya fi sauran sauƙi ga ciki da ƙoda, sai dai ƙarfinsa bai kai sunansa ba. Wani babban gwaji a Ostareliya a 2014 ya nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba ga sabon ciwon baya, a ciwon gwiwa ma taimakonsa kaɗan ne. Iyakarsa ga babba mai lafiya giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma mai ciwon hanta ko ramamme bai kamata ya kusanci wannan iyaka ba. A Ingila da Amurka shi ne kan gaba wajen haddasa mutuwar hanta farat ɗaya. Tarkon da ke cikinsa shi ne yana ɓoye a magungunan mura da na ciwon jiki masu sunaye daban-daban, mutum ya sha uku yana zaton abu uku ya sha.

Ibufurofen, dikulofenak, nafroksen da firoksikam dangi ɗaya ne. Suna toshe sinadaran da ke kawo kumburi, shi ya sa suka fi farasitamol aiki a gaɓar da ta kumbura. Matsalar ita ce waɗannan sinadarai su ne kuma ke kare bangon ciki daga tsami, su ne ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Wanda ya mai da su abincin kullum na iya wayar gari da gyambon ciki mai zubar da jini, ko hawan jini ya ƙi sauka, ko ƙoda ta fara gazawa shiru ba tare da wata alama ba. Haɗarin na ƙaruwa ga tsoho, da mai ciwon suga, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, da duk wanda ya wuni cikin zafin rana babu ruwa a jikinsa, kamar mai azumi a watan bazara. Mai juna biyu ta nisance su, musamman daga mako na 20. Zuciya ma ba ta tsira ba: a 2004 kamfanin Merck ya janye Vioxx, wani ɗan wannan dangi, daga kasuwannin duniya saboda ya ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A nan ya wajaba a yi magana kan haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban, wai maganin gajiya. Sau da yawa biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, dikulofenak da firoksikam misali, ga deksametason a kai. Haɗa biyu daga dangi ɗaya ba ya ninka sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Wanda ya bar tiramol ya koma wannan, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi dacewa ga gwiwa da yatsu, kuma aka fi rainawa, shi ne na shafawa. Man dikulofenak na ratsa fata ya isa gaɓar da ke kusa, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi gaba da na haɗiya ga mai ciwon gwiwa. Dattijuwar da cikinta ba ya ɗaukar ƙwaya, wannan ne nata. Allurar sitiroyid a cikin gwiwa na ba da sauƙi na 'yan makonni, amma gwajin da aka buga a 2017 ya nuna maimaita ta duk wata uku har shekara biyu ya ƙara cinye guringuntsi, zafi kuma bai ragu ba.

Ciwon jijiya wata duniya ce daban, kuma a nan aka fi asarar kuɗi da lokaci. Mai shi zai ce tafin ƙafarsa na ƙuna kamar an zuba barkono, ko ana tsira masa allura, ko wani abu na fizgarsa, ko zanen gado kawai ya taɓa shi ya ji zafi, kuma dare ya fi tsanani. Haka masu ciwon suga da ya daɗe ke fama, haka wanda ƙurajen nan masu fesowa a ɓari guda suka warke suka bar masa raɗaɗi, haka wasu masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Farasitamol da dikulofenak kusan ba sa taɓa irin wannan. Abin da ke taɓa shi magunguna ne da tun asali ba don ciwo aka ƙirƙire su ba.

Amitiriftilin ya fito ne a farkon shekarun 1960 a matsayin maganin ciwon damuwa. Daga baya aka lura yana ƙarfafa hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke bi ta laka ta rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya hau sama. Ana farawa da miligiram 10 da dare, ƙasa sosai da abin da ake ba mai damuwa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Yana da araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kuma taimaka wa barci. Marasa lafiya da yawa na watsar da shi saboda dalili biyu. Na farko, sun karanta takardar cikin kwali sun ga an ambaci damuwa, sai su ce likita ya ɗauke su masu taɓin hankali. Na biyu, sun sha kwana uku ba su ji komai ba sai bushewar baki da nauyin jiki. Aikinsa na ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin ya bayyana, kuma laifin likita ne idan bai faɗi wannan tun ranar farko ba. Bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko dattijon da fitsari ke masa wuyar fita, kuma a ɓoye shi daga yara domin shan da yawa na kisa.

Duloksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, kusan hanya ɗaya yake bi, ya kuma nuna amfani a ciwon gwiwa da na baya. Gabafentin da firegabalin kuwa daga magungunan farfaɗiya suka fito. Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield ya jagoranci gwajin da ya kwatanta amitiriftilin da duloksetin da firegabalin ga masu ciwon ƙafa na suga, aka buga a 2022: ukun sun yi kunnen doki, kuma wanda ɗaya bai ishe shi ba ya ƙara samun sauƙi da aka haɗa masa biyu. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan albishir ne, domin mafi arahar cikinsu bai gaza mafi tsadar ba.

Kada a yi wa kowa alƙawarin da ba zai cika ba. Wani babban nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwajen ciwon jijiya ya nuna sai an ba kusan mutum huɗu dangin amitiriftilin kafin a sami ƙarin mutum ɗaya da zafinsa ya ragu da rabi saboda maganin. Ga firegabalin adadin ya kusa takwas. Ma'ana, gwaji ake yi. A ba magani wa'adi, in bai yi ba a janye shi a hankali a gwada wani. Firegabalin ɗin ma ba wanke hannu ka taɓa ba ne kawai don ba ofiyom ba ne: yana sa jiri, yana kama jiki, masu shaye-shaye sun gano shi, Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da doka ke tsarewa a 2019, kuma haɗa shi da tiramol ko kodin na iya tsayar da numfashi. Gwajin 2017 a Ostareliya ya nuna ba ya amfanar ciwon da ke tashi daga ƙugu ya gangara ƙafa, amma har gobe ana rubuta shi don wannan. Haka nan haɗa tiramol da amitiriftilin ko duloksetin na ƙara haɗarin jijjiga, don haka mai shan tiramol a ɓoye ya gaya wa likitansa gaskiya kafin a rubuta masa komai.

Barkono ma ya shiga asibiti. Sinadarin da ke sa shi yaji, kafsaisin, idan aka daɗe ana shafa shi yana gajiyar da bakin jijiyoyin fata har su yi shiru, kuma gano ƙofar da yake shiga ta jikin jijiya na cikin abin da ya ba David Julius kyautar Nobel a 2021. Wanda aka auna aka haɗa a matsayin magani ake nufi. Kada wani ya daka barkono ya ɗaura a ƙafar mai suga.

Akwai kuma ciwon da ake yin hoto da gwajin jini ba a ga komai ba, jiki duka na ciwo, barci ba daɗi, gajiya ba ta ƙarewa. Masu shi ba ƙarya suke yi ba. A 2021 NICE ta ce a irin wannan kada a fara ba da ofiyom, ko dangin gabafentin, ko ma farasitamol da ibufurofen, saboda babu shaidar suna taimakawa. Ta ba da shawarar motsa jiki bisa tsari, da zama da masanin halayyar ɗan Adam, da gwada magungunan damuwa irin su amitiriftilin da duloksetin. Mai yawan ciwon kai kuma ya ƙirga kwanakinsa: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata na iya zama shi ne ke dawo da ciwon.

Inda aka san tushen ciwo, maganin tushen ya fi kowane mai kashe zafi. Sikila ce babban misali, tunda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita. Idan ciwon ya tashi da ƙarfi, mai sikila na buƙatar mofin a asibiti ba tare da ɓata lokaci ko zargi ba. Abin takaici shi ne matasan da suka koyi yi wa kansu allurar fentazosin a gida har cinyoyinsu suka sandare suka yi gyambo. Haidiroksiyuriya, ƙwaya ce da ake sha kullum, gwajin 1995 a Amurka ya nuna ta rage tashin ciwon da kusan rabi ga manya. Gwajin da aka yi kan yara a Angola, Kongo, Kenya da Yuganda, wanda aka buga a 2019, ya tabbatar tana aiki a Afirka, an kuma gwada ta a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Tana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma yaran da ke samunta ba su kai ko kusa da waɗanda suka cancanta ba. Haka amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu ke buƙatar metotireksat tun kafin gaɓoɓin su karkace.

Sabon abu na tafe, amma kada a ɗora masa buri da yawa. A 2006 masu bincike na Jami'ar Kambirij suka ba da labarin wani yaro a Pakistan da ke wasa a titi yana soka wuƙa a hannunsa, yana taka garwashi, bai san zafi ba. A wasu iyalai na yankin aka gano wata ƙofar gishiri da ke jikin jijiyoyin zafi ce ba ta aiki tun haihuwa. Neman maganin da zai rufe irin waɗannan ƙofofi ya kai ga suzetirijin, mai sunan kasuwa Journavx, wanda Amurka ta amince da shi ranar 30 ga Janairun 2025. A jijiyoyin jiki yake aiki, ba ya bugarwa. Sai dai don sabon ciwo irin na bayan tiyata aka amince da shi, a 2025 farashin ƙwaya ɗaya ya haura dala 15, kuma a gwajin ciwon ƙugu mai gangarawa ƙafa bai yi wa ƙwayar da babu magani a cikinta nisa ba.

Duk wannan bayani ba hujja ba ce ta hana mofin ga wanda ke buƙatarsa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci na samun kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na mofin ɗin da ake rabawa. Tiramol na yawo a tasha, mai ciwon daji kuma na kwana yana kuka a gida. Yuganda ta nuna mafita: tun 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu jinyar ƙarshe a Kampala da ruwan mofin mai araha, daga baya ƙasar ta ba malaman jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Wanda kuma ya riga ya daɗe kan tiramol ko kodin, kada ya yanke rana ɗaya. Amurka ta yi wannan kuskure bayan ƙa'idojin rubuta ofiyom da aka fitar a 2016, aka katse wa mutane magani ba shiri, wasu suka koma na bayan fage, wasu suka kashe kansu, har hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2019. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, a hannun likita, ana shigo da madadin a lokaci guda.

Roƙon da za a yi ga masu kantin magani shi ne su daina ƙulla haɗi, kuma duk wanda ya dawo sayen maganin ciwo wata uku a jere su tura shi asibiti. Likitoci su ba mara lafiya minti biyar ya kwatanta yadda zafin yake kafin su ɗauki biro, su duba ƙoda da hawan jinin duk wanda ya daɗe kan dangin dikulofenak. Mai ciwo kuma, ranar da zai je ganin likita, ya zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na kemis da na gargajiya da wanda yake jin kunyar nunawa, ya ajiye a kan tebur.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.